Babi na Shida: Ranar da Ciyawa ta Zama Ja

A shekarar 2009 kamfanin Kodak ya daina yin wani fim na kyamara mai suna Aerochrome, kuma ba wanda ya yi masa zaman makoki. Kyamarar zamani ta riga ta kashe kasuwar fim da ɗakin wankin hoto, balle wannan da tun asali ba don masu ɗaukar hoton biki da suna aka yi shi ba. Fim ne na soja da 'yan safiyo da malaman daji, a jirgin sama ake ɗora shi a leƙo ƙasa. Sai ga wani matashi ɗan ƙasar Ayaland, Richard Mosse, haifaffen Kilkenny a 1980, wanda bai daɗe da gama karatun hoto a Jami'ar Yale ta Amurka ba, ya bi ya tattara abin da ya samu na ragowar fim ɗin. A 2010 ya ɗaure kayansa ya nufi gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda ake wani yaƙi da duniya ta gaji da jin labarinsa.

Hotunan da ya dawo da su sun ɗaure wa mutane kai. Tsaunukan lardin Kivu ta Arewa, da kowa ya san kore ne shar, sun fito jawur, wani wurin kuma ruwan hoda. Ga ɗan tawaye tsaye da bindiga, fuska a murtuke, amma ciyawar da ta kai masa ƙugu ja ce, itatuwan bayansa ma ja. Wanda ya fara gani zai rantse kwamfuta ce ta rina hoton. Ba ita ba ce. Fim ɗin ne ke ganin wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani.

An daɗe da sanin wannan haske. A 1800, a Ingila, masanin taurari William Herschel ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabe zuwa launukan bakan gizo, shi kuma ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin ya wuce ja, zuwa inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙara hawa maimakon ya sauka. Ashe rana tana aiko da wani haske a bayan ja, shi ne wanda masana ke kira infirared. Idonmu yana kama hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 da 700, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Daga 700 zuwa sama mu makafi ne. Mai son ya gwada, ya ɗauki rimot na talabijin ya saita bakinsa ga kyamarar wayarsa ya danna. A wayoyi da yawa zai ga ɗan ƙwan da ke bakin rimot ɗin yana walƙiya a fuskar waya, alhali idonsa bai ga komai ba.

To, me ya haɗa ganye da wannan haske? Koren ganye yana shanye ja da shuɗi na hasken rana don ya dafa wa tsiro abinci, ya maido da ɗan kore kaɗan, wanda shi muke gani. Amma hasken bayan ja ba ya yi wa ganye amfanin komai, don haka ƙwayoyin da ke cikin naman ganyen sukan watso shi waje da yawan gaske. Idan ganye yana da rai da lafiya, kusan rabin wannan haske da ya sauka a kansa komawa yake yi. Da idonmu na ganinsa, da gonar gero a watan Agusta ta fi ƙarfin kallo saboda ƙyalli. Ruwa kuwa akasin haka yake yi, haɗiye hasken yake, shi ya sa kogi mai ruwa garau ke fitowa baƙi wuluk. Ba'amurke Robert Wood ne ya fara buga irin waɗannan hotuna a 1910, masu baƙi da fari, inda itatuwa suka fito fari fat, sama kuma ta yi duhu da rana tsaka.

Yaƙi ne ya sa wa abin launi. A Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun ƙware wajen ɓoye tankoki da rumbunan makamai da koren fenti da koren yadi, ta yadda matuƙin jirgi zai wuce yana zaton daji ne. Sai Kodak da sojan Amurka suka fito da fim mai hawa uku da ke sauya wa launuka mazauni: hasken bayan ja ya fito ja, ja ya fito kore, kore ya fito shuɗi, shi kuma shuɗin asali a tare shi da rawayan gilashi a bakin kyamara. Ganye mai rai, tunda yana watso hasken bayan ja, sai ya fito jawur. Koren fenti ba shi da wannan hali, sai ya fito wani dusasshen launi a tsakiyar jan daji, asirin mai ɓuya ya tonu. Bayan yaƙi malaman daji da na gona suka karɓe shi don gano itatuwan da cuta ta kama tun kafin su yi rawaya. Mawaƙan Turai da Amurka na shekarun 1960 ma sun ɗana, suka yi ta sa hotunansa a bangon faifai don su nuna duniyar wanda ya yi tatil.

Wannan tarihi ne ya ja Mosse. Wata ƙungiyar agaji, International Rescue Committee, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 5.4 ne suka mutu sanadiyyar yaƙin Kwango tsakanin 1998 da 2007, yawancinsu ta hanyar yunwa da cuta. Akwai masanan da suka ce alƙaluman sun yi yawa, amma ko an raba biyu bala'in ya isa. Duk da haka yaƙin ba ya fitowa a hoto. Ana kai hari da dare a ƙauyen da ba hanyar mota, gidajen kara da laka ne, kafin ɗan jarida ya isa damina ta wanke wurin, daji ya rufe. Sai Mosse ya yi dabarar ɗaukar fim ɗin da aka ƙera don tona abin da aka ɓoye a daji, ya kai shi ga yaƙin da daji ya ɓoye. Hotunan sun fito a littafi mai suna Infra a 2012. Daga nan ya koma da mai ɗaukar sinima Trevor Tweeten da mai haɗa sauti Ben Frost, suka yi The Enclave da fim mai faɗin milimita 16. A lokacin aikin ne 'yan tawayen M23 suka kama birnin Goma, cikin Nuwamban 2012. An nuna aikin a baje kolin fasaha na Venice a 2013, a kan alluna shida da aka rataya a ɗaki mai duhu, ta yadda duk inda mai kallo ya tsaya ba zai ga duka a lokaci guda ba, dole ya zaɓi abin da zai juya wa baya. A 2014 aikin ya ci kyautar hoto ta Deutsche Börse.

Suka ta biyo baya, kuma ba ta banza ba ce. Masu sukar suka ce Bature ya je ƙasar baƙar fata ya mai da gawa da gudun hijira abin ado, ya rataya a ɗakunan da masu kuɗi ke saye. Ni dai ina ganin dabarar ta yi aikinta. Mu nan Arewa mun san yadda ido ke mutuwa. Tun 2009 muke kallon hoton kasuwar da ta ƙone da layin mata riƙe da kwano a sansanin 'yan gudun hijira, har ta kai mutum yana zazzaga waya ya wuce su yana cin tuwo. Hoton da ya yi kama da dubunsa ba ya tsayar da kowa. Jan dajin Mosse yana tsayarwa, kuma a cikin wannan ɗan tsayin ne mutum ke tambayar ina ne nan, su wane ne waɗannan. Inda nake tare da masu suka shi ne batun wa ke kallo. Yawancin idanun da suka ga aikin a Venice da Landan da New York suke, su ne kuma suka ci ribar mamakin.

Aikinsa na gaba ya fi wannan tayar da tsigar jiki, kuma ya fi kusa da mu. A nan akwai bambancin da ake yawan rikitawa. Aerochrome ba ya ganin zafi, hasken rana da ganye ya maido yake gani, da dare ba ya aikin komai. Amma can gaba a zangon infirared akwai hasken da kowane jiki mai ɗumi ke fitarwa da kansa, irin wanda na'urar da aka riƙa saita mana a goshi lokacin Ebola da korona ke aunawa. Mosse ya samo wata kyamarar soja mai ganin wannan, wadda ke iya tsinkayo jikin mutum daga nisan kilomita 30, dare ko rana, kuma dokar cinikin makamai tana lissafa ta a matsayin makami. Da ita ya bi 'yan gudun hijira ta hanyoyi biyu: masu fitowa daga Siriya da Iraƙi da Afganistan ta Turkiyya zuwa Girka, da masu tasowa daga ƙasashen Sahel su ratsa Sahara zuwa Libiya su hau teku. Hanya ta biyu ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san tashar Agadas. Fim ɗin, Incoming, an nuna shi a cibiyar fasaha ta Barbican da ke Landan a 2017. A cikinsa ba baƙi ba fari, domin kyamarar ba ta san launin fata ba. Kowa fatalwa ne mai haske, ido ya zama rami, gumi da numfashi suna bayyana, hannu in ya taɓa bargo yakan bar sawun ɗuminsa na ɗan lokaci. Haka na'urar mai gadin iyaka ke ganin ɗan Kano ko ɗan Damagaram da ya tasar wa Turai: ɗigon zafi mai motsi. Mosse ya tilasta wa mai kallo ya leƙa ta wannan ido na tsawon minti 52.

A fim ɗinsa Broken Spectre na 2022 ya koma ga daji, na Amazon a Brazil, ya yi amfani da irin kyamarar da taurarin ɗan Adam ke auna gona da daji da ita. Ta wannan ƙofa ce labarin ya shigo fadamar Haɗeja, domin wannan ido ya fi shekara hamsin yana kallonmu. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko ranar 23 ga Yulin 1972, ana cikin farin da ya kashe shanun Sahel, shekara biyu kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Wato akwai hoton fadamar tun kafin a sa wa kogin linzami. Madatsar Challawa ta biyo baya a 1992. Tauraron Najeriya na farko ma, NigeriaSat-1, da aka harba daga Rasha a Satumban 2003, launi uku ya riƙa gani: kore da ja da bayan ja, daidai tsarin tsohon fim ɗin Kodak. Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne ga duk mai intanet, taurarin Sentinel-2 na Turai kuma, da aka fara harbawa a 2015, suna dawowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar.

Ka buɗe irin wannan hoto na watan Maris ka nemo Malam Madori. Layin dogon da ya taso daga Kano ya isa Nguru wajen 1930, wanda ya raya garin a zamanin gyaɗa, zai fito siririn zare miƙe ta Birniwa. Tudun da aka girbe gero da riɗi ya yi fari-fari, ya bushe ƙamas. Tsofaffin jigayin rairayi sun jeru a karkace, da kwari a tsakaninsu. Kudu da nan, wajen Auyo, inda aka tare kogi don noman rani, za ka ga ƙananan murabba'ai jajaye, shinkafa ce da alkama. In ka bi ruwan gabas, ta Kirikasamma da Guri har tafkin Nguru, jan ya daina zama murabba'i, ya zama shimfiɗa mai kauri da ta cika kwari ta shaƙe bakin ruwa. A idon wanda bai san wurin ba, nan ne ya fi ko'ina albarka a duk hoton.

Kyan ɗan maciji ne. Kaso mai yawa na wannan ja ciyawar kacala ce. Kafin madatsun ruwa, kogin Haɗeja yakan cika ya malala da damina, ya janye da rani har wasu rassansa su ƙafe. Wannan cika da janyewa ita ce rayuwar fadama: masunta su kama tarwaɗa da karfasa, manomi ya shuka shinkafa a ruwa, in ruwa ya ja baya ya bi danshi da wake, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Da aka fara sako ruwa daga Tiga da Challawa har da rani, sai wurare da yawa suka daina bushewa. Kacala kuwa ba abin da take so irin ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta yi tsayi ta wuce mutum, saiwarta ta kama laka, lakar ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ya kamata ya gangara Gashuwa ya karkata ta mashigar Marma ya kwanta a gonakin mutane, wasu na kukan ambaliya, na ƙasa da su na kukan ƙishi. Kwalekwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga. Jan-baki ya samu masauki, daga ciki yake tashi garke guda ya sauka a kan shinkafar da ta fara nuna. Sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya su ma sun samu gida. Jama'a sun yi gayya da lauje da adda, hukuma ta kawo injinan tona masu shiga ruwa, masu bincike suna gwada mai da ita abincin dabbobi da iskar girki. Ana sara tana tohowa.

Kyamarar ba ƙarya ta yi ba. An tambaye ta ina ganye mai ƙarfi yake, ta nuna, kuma a duk fadamar ba ganyen da ya kai kacala ƙoshin lafiya. Abin da ba ta sani ba shi ne wanne ake ci, wanne ke cin mutane. Mukan ce gani ya kori ji, amma a nan sai an haɗa da ji, sai an zauna da masunci a Guri ya faɗi sunan tafkin da ubansa ke kamun kifi, wanda yanzu ba a ganin ruwansa. Masana suna da tasu dabarar: ba sa dogara da hoto ɗaya, jera na watanni suke yi. Gonar shinkafa takan yi ja, a girbe ta, ta koma fari. Kacalar da ke tsaye a ruwa ba ta da ranar girbi. Da haka ake raba su, da haka kuma ake auna yadda take cin ƙasa shekara bayan shekara a yankin da duniya ta amince da darajarsa, tunda an sa tafkin Nguru da mashigar Marma a jerin dausayin Ramsar a 2000, Baturiya kuma a 2008, saboda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan.

Amma waɗannan hotuna a ofis suke, a cikin rahoto, kuma daga sama aka ɗauke su. Daga can ba a ganin fuskar kowa. Darasin da mai ɗaukar hoto na Haɗeja ko Malam Madori zai ɗauka daga Mosse shi ne saukowa da wannan ido ƙasa, daidai tsayin mutum. Matsalar fadama irin ta dajin Kwango ce ta fuska ɗaya: ba ta fitowa a hoto. Ka ɗauki kacala da kyamarar yau da kullum ka nuna wa ɗan birni, zai ce kai, wuri ya yi kyau, kore shar. Ambaliya irin ta 2020 da 2022 kaɗai ke jawo 'yan jarida, su ɗauki rufin ɗaki a cikin ruwa su tafi. Amma a ce ga masunci tsaye a kwalekwalensa a kan baƙin ruwa, jan bango ya kewaye shi ya fi shi tsayi ta ko'ina, mai kallo zai ji abin da mutumin ke ji, wato an yi masa ƙawanya. Ja a wurinmu ma ba launin wasa ba ne, da shi muke kwatanta wuya da haɗari, kuma a wannan karon ma'anar ta dace da gaskiyar abin. Bambancinsa da Mosse kuwa, shi yana iya buga hoton ya kafa a kasuwar kifi ta Haɗeja, waɗanda ke ciki su tsaya su yi gardama a kansa.

Ba a buƙatar Aerochrome, wanda ragowarsa ta yi tsada, ga shi ba ya jure zafi, sai a firji, abin da bazarar Jigawa da wutar lantarkinmu ba za su lamunta ba. Idon kowace kyamarar zamani yana ganin hasken bayan ja, masu ƙera ta ne ke sa wani ɗan gilashi a gabansa don ya tare. In aka samu tsohuwar kyamara da mai gyara mai natsuwar hannu, irin waɗanda ke kwance waya a Farm Centre ta Kano, ana cire gilashin a sa wanda ke barin hasken ya wuce. Mai lamba 720 yana ba da kusan baƙi da fari, mai lamba 590 yana barin launi. Tsakar rana, wadda masu hoto ke gudu, ita ce lokacin wannan aiki. Kowane wata kuma da abin da yake nunawa. A Fabrairu kuka ta zubar da ganye, sai ta fito a dushe, gawo kuwa, da yake shi da rani yake yin ganye, zai yi jawur shi kaɗai a tsakiyar busasshiyar gona, goruba da darbejiya suna taya shi. A Agusta abin ya juye, ko'ina ja, gawo ne tsirara.

Mai sha'awar ɗauka daga sama da ƙaramin jirgi marar matuƙi ya sani sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na jami'an tsaro, kuma a halin da ake ciki ba a wasa da wannan. A ƙasa ma akwai nata ƙa'idar. Ana fara sallama da mai gari da sarkin ruwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nuna musu hoton farko a fuskar kyamara tun kafin wani ya fara raɗe-raɗin cewa baƙo ya zo da na'urar da ke mai da gona jini. Ba a saita kyamara ga matan aure a mashaya sai an nemi yarda, kuma in aka ce a'a, an gama magana.